Mun Zo Duba

Ludayin nan da kuke gani rataye a bangon ɗakina, wanda jikata Bilki take ta naci in ba ta ta riƙa kwasar dusar kaji da shi, ya girmi iyayenku, kuma ya shiga gidajen da ko dagaci bai taɓa leƙawa ba. Ku da kuka je makarantar tsafta kuka dawo da farar riga, kun zauna kuna yi mini dariya, wai aikin duba-gari na da ai yawo ne kawai da leƙen tukunyar mutane. To, leƙen ne. Amma ku gyara zama ku ji yadda ake leƙen, don na lura har yau ba a koya muku ba.

Zamanin Turawa ne, lokacin En'e, wato hukumar gargajiya. Ni Laraba ina zaune gidan yayana a Maƙarfi, mijina ya rasu, ba ni da abin yi sai kaɗi da surutu. A shekarun nan ne injinan matse rake suka shigo mana. Kafin a ankara bakin fadama ya zama gari guda, ana ce masa Unguwar Inji. Doki na zagaya inji tun safe, ruwan rake na zuba, ana dafa mazarƙwaila, hayaƙi ya turnuƙe sama. 'Yan ci-rani suka cika ko'ina, masu sara da masu dako, masu tuwo suka biyo su, mahauta suka biyo masu tuwo. Mutum ya ƙaru, salga ba ta ƙaru ba. Ɓawon rake tsibi-tsibi a kowace kwana, ƙuda kuwa in za ka yi hamma sai ka fara da bisimilla, don ba ka san abin da za ka haɗiya ba. Duk mai son ɗaki ya haƙi ƙasa a bayan gidansa, damina ta zo ramin ya zama kududdufi, sauro ya samu masauki kyauta.

En'e ta turo mana duba-gari daga Zariya, Malam Garba. Dogo ne siriri, da kaki da gajeren wando da hular nan hana-salla, ga usur a wuya. Ranar da ya sauka yara suka raka shi har masauki suna kallon gwiwoyinsa, don ba su taɓa ganin gwiwar babban mutum a fili ba. Mutumin kirki ne kuma ya san aikinsa, kasuwa da mahauta ya gyara su tas. Amma da aka zo gidajen mutane sai aiki ya tsaya a zaure. Namiji baligi da gajeren wando ya shiga wurin matan aure? Maigida zai shimfiɗa masa tabarma, a gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi mutanen Zariya, a kawo fura, sannan a ce, "Ciki lafiya lau, Malam, yanzu aka gama shara." Shi kuwa yana zaune warin kwata na shigo masa ta ƙofa.

Shi ya sa aka ce a nemo mata. Aka samo Iya Kande, tsohuwar ungozoma, wadda rabin garin ita ta yanke musu cibi, babu ƙofar da za a rufe mata. Ta ce gwiwarta ta fara gardama, sai an haɗa ta da mai ƙafa. Ta zaɓe ni, kuma ta faɗa a gaban kowa cewa ba don hankali ba ne, don dai na fi duk matan unguwarmu baki.

Malam Garba ya zaunar da mu a gindin durumi ya koya mana aikin. Ya ba mu farin ludayi na kwano mai dogon hannu, don tsutsar sauro ba ta fita a ludayin duma, sai a kan fari. Kuma ba a jefa shi cikin randa kamar mai ɗibar miya. Da inuwarki ta faɗa kan ruwan, sun nutse ƙasa, sai ki ɗebo ruwa garau ki tafi kina yabon gidan. Sai ki tsaya ta inda inuwarki ba za ta shiga ba, ki yi shiru, ki jira su taso shan iska, sannan ki zura ludayin a hankali ta gefe, ki ɗaga shi zuwa haske. Ban da ludayi akwai kwalbar kananzir da ake ɗigawa a ruwan da ya kwanta, da alli na yi wa ƙofa alama. Shi Malam yana zaure, mu mu shiga, abin da muka gani in ɗaga murya in faɗa masa ta kan katanga. A nan ne bakina ya yi rana.

Gidan farko da muka shiga, Iya Kande ta yi sallama ta ce, "Mun zo duba."

Ita nufinta duba gida. Amma ku ma kun san abin da mata ke nufi idan sun ce mai duba, wato mai buga ƙasa ya gaya maka abin da ke tafe. To ga tsohuwa da carbi a hannu, ga ni na durƙusa gaban randa na yi tsit na haɗe rai, can na ɗebo ruwa a farin ludayi na ɗaga sama na ƙura masa ido. Me kuke so su ɗauka? Na ga tsutsa na wutsil-wutsil, na juya na ce da matar gidan, "In ba a zubar da ruwan nan ba, akwai zazzaɓi tafe a gidan nan." Ta dafe ƙirji. Ruwan dai ba ta zubar ba, kuma ba a daɗe ba mijinta ya kwanta da masassara. Shi ke nan, gari ya ɗauka wai Gwamnati ta ɗauki 'yan duba aiki, kuma kyauta suke yi.

Daga ranar ba mu ƙara shiga gida aka bar mu tsaye ba. Tabarma, goro, a kori yara waje, a rage murya. Wannan akuyarta ta ɓata, waccan mijinta ya tafi Kurmi shiru, wata ɗan kunnenta ne ya yi ƙafa. Ina cewa, "Ni fa sauro nake dubawa," sai su kalli juna su ce, "Haka manyan suke, ba sa yarda." Da muka je zagaye ƙauyen Gubuci wata ta ja ni gefe ta ce in duba mata ko uwar mijinta za ta daɗe a duniya. Na leƙa randar tsohuwar, na ga abin da ke ciki har yana iyo da 'ya'yansa, na ce, "In dai wannan take sha, ba za ki daɗe kina jira ba." Sai na ga baiwar Allah ta mayar da murfin a hankali, ta gyara masa zama. Dole na ɗaura ɗamara na wanke randar nan da hannuna.

Da Malam Garba ya ji abin da ake faɗa, ya yi ta istigfari har hularsa ta karkace. Ya sa mai shela ya zagaya gari da ganga yana cewa matan En'e ba 'yan duba ba ne, kada wanda ya ƙara tambayarsu gaibu. Washegari muka tarar da mata har daga Hunƙuyi suna jiranmu, wai sun ji an yi shelar masu duba. Iya Kande ta ce masa, "Malam, ƙyale su. Ba mu ce mu ne ba, mun ma ce ba mu ba ne. Kai da ka shekara a zaure, yau ga ƙofa a buɗe kana ƙorafi?"

Kada ku ɗauka kowa ke murna da mu. Gidan da aka taɓa kai wa sammaci, da yara sun hango hana-sallar Malam sun kwasa da gudu suna ihu, "Ga duba-gari nan!" Sai ka ji gida ya kacame. A tura tukunya ƙarƙashin gado, a jefa tsumma a rumbu, a watsa toka kan kwata. Akwai wadda ta zauna daram a kan randa ta ce ciwon baya ne ya kama ta a nan, ba ta iya motsi. Wata kuma a ƙauyen Furana ta goya tulu da zane, ta rufa masa mayafi, tana jijjiga shi tana cewa in yi a hankali, yaro ya samu barci. Na ce, "Allah ya raya. Amma yaron nan naki cikinsa na ƙugi." Ta juya za ta ba ni amsa, yaro ya yi amai har dugaduganta. Iya Kande ta yi dariya har sai da aka ɗaga ta daga ƙasa.

Gida ɗaya ne ban taɓa samun abin faɗa a cikinsa ba, gidan Tanko mai inji, babban mutumin Unguwar Inji. A kusurwar gidansa akwai rijiya da mahaifinsa ya haƙa, an fasa katanga an yi mata ƙofa ta waje don 'yan unguwa. Ruwanta garai-garai, ga sanyi, ba ta ƙafewa, kuma sadaka yake bayarwa. Masu koko da masu tuwo da butocin masallaci duk nan suke ɗiba. Ka zagi injin Tanko ya yi dariya, amma kada ka taɓa rijiyar babansa.

Matarsa Hansai mace ce mai tsafta, tsakar gidanta ko mai ka zubar sai ka kwashe abinka. Sai dai wabi take yi. Ta haifi uku, kowanne ya yi ɓul-ɓul a nono, da an yaye shi sai gudawa, sai a kai shi makwanci. Da ta haifi na huɗu tsofaffi suka ɗauke shi suka ajiye a kan juji, wai a nuna ba a damu da shi ba ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Iya Kande ce ma ta ɗauko shi daga jujin, sunan Ajuji ya bi shi. A lokacin da nake ba ku labari ya isa yaye har ya gota, yana gudu, yana magana, yana zuwa ya ɗaga rigar uwar da kansa. Hansai ta ƙi yaye shi, kuma ba ta barin komai ya shiga bakinsa sai nono da ɗan kunu mai zafi. Uwar mijin ta gaji, ta ce ƙato da haƙora cike da baki abin kunya ne, ta sa ranar Juma'a za a yaye shi.

Ana saura 'yan kwanaki muka shiga gidan. Hansai ta kama hannuna ta ja ni ɗaki, ta durƙusa.

"Yaya Laraba, don girman Allah duba mini. Wannan zai zauna?"

Na ce, "Hansai, tashi. Na sha gaya muku ni ba irin wannan duban nake yi ba."

"Na sani, haka kuke cewa. Ki dai duba."

Don in rabu da ita na je randarta, na yi yadda aka koya mini, na ɗaga ludayi zuwa haske. Ruwa fes, ko ƙura babu. Na ce, "Ban ga komai ba."

A wurinmu wannan ita ce magana mafi daɗi da duba-gari zai faɗa a gida. Ita kuwa ta ɗauka ina nufin na duba gaba ban ga yaron ba. Ta sulale ta zauna a ƙasa, ta jawo shi ta rungume. Na yi bayani har bakina ya bushe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ranar ce wasan nan na duba ya fara fita daga raina, na fito daga ɗakin raina a ɓace.

Shekarar kuwa mugunyar shekara ce. Damina ta yi yawa, ta kuma ƙi tafiya, har aka fara saran rake ana ruwa. Ƙasa ta ƙoshi, salga ta cika ta kawo baki, gudawa ta shiga 'yan ci-rani tana kayar da ƙarti kamar kara. Malam Garba ya daina wasa da kowa. Ya samo kananzir gwangwani-gwangwani daga Zariya, ya ce kwalba ta yi kaɗan, duk salgar da muka tarar ta kawo mu zuba mata sosai don tsutsar ƙuda ta mutu. Kafin in bar gidan Tanko ran nan na zagaya bayan gida, na tarar tasu ma ta kawo. Ga ɓacin rai, ga shi dama hannuna ba ya ƙwauro da kayan En'e, na tuntsura mata abin da ya sawwaƙa, wato kusan duk abin da ke cikin gwangwanin.

Ba a yi kwana biyu ba Unguwar Inji ta tashi da wari. Mai koko ce ta fara shan zagi, masu saye suka ce ta dama da fitila. Ta rantse, ta kurɓa da kanta, ta furzar. Mai tuwo ta zargi mai miya, mai miya ta zargi mai man gyaɗa. Dokin injin Tanko ya sa baki a ƙwarya ya ɗago ya yi atishawa, ya ƙi sha, ya kuma ƙi zagaya inji. Ladan ya kurkure baki zai kira salla, ya ɗaga murya sai tari, ya sake ɗagawa sai tari, har wani ya karɓe shi. Mazarƙwailar da aka zuba a kwanonin da aka wanke da ruwan, yara suka ce saura lagwani kawai. Suna bin mutane suna cewa kada kowa ya yi gyatsa kusa da murhu. Aka bi wari aka bi wari, sai ga shi a rijiyar Tanko, mai na ƙyalli a saman ruwan.

Ba a rasa wanda ya ga Laraba ta shiga gidan da gwangwani cike ta fito da shi yana ƙara ba. Kafin azahar magana ta zama 'yar duba ta yi wa rijiya asiri. Dogari ya zo ya tafi da ni ƙofar dagaci, Iya Kande na biye da sandarta, Malam Garba na biye da ita. Ga dagaci, ga liman, ga dattawa, ga duk wanda ya sha koko da safe. Tanko na tsaye yana huci. Na durƙusa na kwashi gaisuwa, ni kaina ban san yadda aka yi ba.

Dagaci ya ce, "Laraba, an ce kin zuba kananzir a rijiyar Tanko."

"Ranka ya daɗe, na zuba kananzir a gidan Tanko, amma ko kusa da rijiya ban je ba."

"To ina kika zuba?"

Na kalli Iya Kande. Ta yaya mace za ta faɗi wannan kalma a gaban dattawa? Ta zungure ni da sanda. Na sunkuyar da kai na ce, "A salga, ranka ya daɗe."

Tanko ya daka tsalle. "Kun ji ƙarya ko! In a salga ta zuba, me ya kawo shi cikin rijiya?"

Da ƙarfi ya faɗa, kowa ya ji. Sai kuma shi ma ya ji abin da ya faɗa. Wurin ya yi tsit, har ana jin dokin can yana atishawa. Malam Garba ya cire hana-sallarsa ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, tambayar da Tanko ya yi ita ce maganar duka. Kananzir ba shi da ƙafa. In ya tashi daga can ya zo nan, to hanya ya samu, kuma ba shi ya fara bin ta ba."

Wani tsoho ne ya fara tofar da yawu. Sai na kusa da shi. Kafin ka ƙifta ido fada gaba ɗaya ta koma tofe-tofe, dogari na tofarwa, dattawa na goge harshe da bakin riga, ladan ya zagaya bayan zaure muna jiyo shi. Mai koko ta ɗora hannu a ka tana cewa ai ga shi Allah ya wanke ta. Ni ina durƙushe, tsoro bai gama sakina ba dariya ta kama ni, na cusa mayafi a baki ina ta girgiza, har dagaci ya ɗauka kuka nake ya ce a ba ni haƙuri.

Wani ya miƙe a firgice ya ce, "Allah gafarta Malam, sallolin da muka yi da ruwan nan fa? Daga ina za mu fara ramuwa?"

Liman ya ɗaga hannu ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba ya yi alwala, sallolin baya sun yi. Wani daga cikin mutanen Tanko ya yi caraf ya ce to ashe in warin ya tafi sai a ci gaba da ɗiba. Liman ya dube shi ya ce, "Kai ka ci gaba. Ni dai bakina ba zai ƙara ba."

Dagaci ya ce a je a tona a gani. Aka ɗunguma gidan Tanko, mata suka shige ɗaki, ranar ce Malam Garba ya fara taka tsakar gida a garin nan da gajeren wandonsa. Aka sa magina suka haƙa tsakanin bayan gida da rijiya. Ba su yi zurfi ba sai ga ramin gafiya, tsohon rami, sumul kamar an ba da kwangilarsa, ya taso daga salga ya bi ta ƙarƙashin katanga ya faɗa jikin rijiya. Duk damina in ƙasa ta ƙoshi, nan ne hanya. Ruwa kuma ya kwanta ya yi garau, ludayina ba ya ganin komai.

Dariya ta ɗauke a nan. Tanko ya tsaya a bakin ramin ya daɗe yana kallo. Can ya juya wajen Iya Kande, wadda ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa duka, ya rage murya ya ce, "Iya, yaran nan nawa. Su ma wannan ne?"

Ta ce, "Allah ne masani, Tanko. Amma ga rami kana gani."

Na tausaya wa mutumin nan ƙwarai. Rijiyar babansa ce, kuma lada yake nema da ita. Babu wanda ya ce masa ya rufe, dagaci bai kai ga yin magana ba. Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa wani, ya karɓi kwando daga hannun magini, ya cika shi da ƙasa, ya juye a cikin rijiyar da kansa. Sai sauran maza suka bi.

Iya Kande ta shiga wajen uwar mijin, ban san abin da ta gaya mata ba, na dai ji an ɗaga ranar yaye sai an samu sabon ruwa. Aka yi gayya aka haƙa wata rijiyar a kan tudu, nesa da kowace salga, Malam Garba ya tsaya a kai aka ɗaure mata baki da siminti, aka yi mata murfi da guga ɗaya na kowa da kowa. Na ce wa Hansai duk da haka ta riƙa tafasa wa yaron ruwa ta bar shi ya huce. Wannan magana na yi ta a gida ɗari, ana ce mini ruwan zafi ai na mai jego ne. Ita kuwa ta matso ta ce, "Da wane irin itace, Yaya? Me zan karanta a kai?" Na ce kowane itace, kuma bisimilla ta isa.

Aka yaye Ajuji. Ya yi ihun da aka ji shi har bakin inji, ya ciji kakarsa a hannu, ya ƙi tuwo, ya dawo ya ci na mutum biyu. Kullum in za mu wuce sai na leƙa, in tarar da shi yana bin 'yan tsaki da sanda. Rani ya wuce, damina ta zagayo ta wuce, yana nan. Gudawar unguwar ma ta lafa. Hansai kuwa babu yadda ban yi ba, ta tsaya a kan cewa na ga ramin nan tun a cikin ludayi, na ɓoye mata, na aika kananzir ya tona. In na ce wallahi ɓacin rai ne da sakin hannu, sai ta yi murmushi ta ce, "Haka manyan suke."

Tun daga ranar na daina yarda da ido kaɗai. In na ɗebo sai na shinshina, in ɗanɗana, in tambayi inda aka ɗebo, in zagaya bayan gida in ga me ke maƙwabtaka da me. Ku da farar riga, wa ya taɓa durƙusawa a cikinku yana neman ramin gafiya a bayan salgar mutane?

An yi shekaru, Turawa sun tafi, Iya Kande da Malam Garba sun riga mu gidan gaskiya, ni ma na ajiye aiki. Wata Juma'a da hantsi sai ga Hansai a ƙofar ɗakin nan, ta yi furfura, tana dogara sanda. Bayan mun gaisa ta ce, "Yaya, ɗauko ludayin. Yau za a yaye 'yar yaron nan."

Na bi ta. Ajuji ya zama ƙato mai gemu, shi ke riƙe da injin, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Matarsa na tsaye da yarinyar a baya, tana mamakin wace tsohuwa ce wannan da ludayi. Na fara da bayan gida, na zagaya katanga, na durƙusa da tsofaffin gwiwoyina na leƙa kowane lungu, har sai da aka kama ni na miƙe. Na tambayi rijiyar da suke ɗiba. Sannan na zo randa, na kauce wa inuwata, na yi shiru, na jira. Na zura ludayi ta gefe na ɗaga zuwa haske, na shinshina, na kurɓa.

Hansai ta ce, "Me kika gani?"

Na ce, "Ban ga komai ba."

Ta rangaɗa guɗar da ta sa kaji suka watse, hawaye na bin fuskarta. Ta karɓi ludayin daga hannuna, ta ɗebo da kanta, ta sa aka sauko da yarinyar, ta kafa mata a baki ta sha har tana sauke numfashi.

Bilki, je ki nemi wani abin ki kwashi dusar kajinki.